Haruffan da Baba Ya Ce An Ture

"Wa ya ture su?" Abin da Baba ya fara tambaya ke nan da na kafa sabon allo a shagon facinsa, bakin titin shiga Birnin Gwari.

Tsohon allon siririn rubutu ne mai lanƙwashe-lanƙwashe. Direban da ya fito daga dajin nan kuwa a guje yake, ina ya ga ta karanta kwalliya? Kasuwa ta mutu, har Baba ya fara zancen rufe shago.

Shi ya sa da zan rubuta sabon allo na zaɓi haruffa masu kauri, babu ado, sun karkata gaba kamar su ma sauri suke: FACI DA ISKA.

Baba ya ce, "Sai ka ce dawar da iska ta kwantar. Cire shi."

Bai rufe baki ba wata motar hatsi ta taka birki. Direban ya leƙo: "Baba, tun daga kwanar can na karanta allonku. Tayata na sacewa!"

Yanzu kullum da safe Baba ke goge allon da kansa. Wai dawar tasa ba faɗuwa ta yi ba, nauyin zangarniya ne.

Ku fa, wane allo ya taɓa tsayar da ku?