Jimloli Goma Sha Biyu na Baba Lasifika

Shekara ashirin da uku Baba Lasifika ya yi a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, a saman ofishin sayar da tikiti na babbar tashar motocin safa. A da kwandasta ne. Wata rana mai sanarwar tashar ya wayi gari murya ta dishe, aka ce a nemo wanda ya fi kowa ƙarfin maƙogwaro ya riƙe na kwana biyu. Kwana biyun ne har ya yi jikoki.

Daga tagar nan yana ganin komai: layin motoci takwas, bencin jira, bakin ƙofa, har da lungun bayan tankin ruwa inda direbobi ke ɓuya su yi barci. Aikinsa a rubuce shi ne ya faɗi motar da za ta tashi, da Hausa sannan da Turanci, tunda tashar kowane irin baƙo na ratsa ta. Amma Baba ba da takarda yake aiki ba, da ido yake yi.

"Baiwar Allah mai koren mayafi, motarki ce ke ja da baya, ajiye kofin nan! Kai mai akwati a ka, ba waccan ba, ta kusa da ita. Dogo direba, fasinja sun cika, kai ake jira. Fito daga inda na san kake."

Sai ya juya da Turanci. Turancin nasa a tashar ya tsince shi, daga bakin wannan fasinja zuwa wancan, kuma kowace kalma sai ya ɗaura mata wasali a wutsiya don kada ta fita tsirara. Duk da haka ba a taɓa jin baƙon da mota ta tafi ta bari ba. Ko mutum bai gane sauran maganar ba, ya ji an ambaci launin rigarsa, ya kuma ga mutum hamsin sun juyo suna kallonsa.

Ana nan sai kamfani ya turo sabon manaja, saurayi mai takalmi kamar madubi. Sati ɗaya ya yi yana sauraron lasifikar da ke saitin tagar ofishinsa, sannan ya sa aka kira Baba.

"Baba, ka san muna girmama ka a nan."

"Na sani, ranka ya daɗe. Duk wanda ya fara mini da haka, akwai saura."

"Turancin ne. Kamfani na son ya canja fuska. Na ba ka wata uku. In ya gyaru, kujerarka ce. In bai gyaru ba, dole mu nemo wani."

Baba ya koma gida ya ci abinci bai ce uffan ba, abin da ya sa matarsa ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta tatso labarin, ita kuma ta samo mafita: wata malama da ke gyara wa manya furucin Turanci ta waya, ido da ido.

"Ba aji ba ne, Baba. Kai kaɗai za ta riƙa koya wa. Za ta saurari bakinka ta ga inda matsalar take."

"Bakina lafiyarsa ƙalau. Da shi na ciyar da ku."

"To, da shi kuma za a sallame ka."

Aka jingina waya a jikin gwangwanin sukari, Baba ya sa hula ya zauna kamar wanda za a ɗauka hoton fasfo. Malamar ba ta yi masa dariya ba, wannan ya fara kashe masa jiki. Ta sa ya yi magana ta minti biyar, ta naɗa, washegari ta turo masa zanen cikin baki, an sa jan alƙalami a duk inda harshensa ke zuwa ba a gayyace shi ba. Ta ce ya nemo madubi da ƴar takarda marar nauyi. Takardar zai riƙe a gaban leɓe: in ya faɗi harafin daidai za ta motsa, in bai faɗa ba za ta tsaya tana kallonsa.

"Yanzu sa ƙarshen harshenka tsakanin haƙora, Baba, ka busa," in ji malamar.

"Malama, ni da jikoki, in zaro harshe a gaban mace?"

"Kaɗan dai. Tsininsa kawai."

Daga kicin matarsa ta ce, "Shekara talatin ina fama ka mayar da harshen nan ciki, yau ga wadda aka nemo takanas ta fito da shi."

"Ki bar ni da abin da ya dame ni, uwar yara."

Gaskiya malamar ta san aikinta. Ta tambaye shi abin da yake faɗa a wurin aiki, ya zayyano mata, ta tsamo jimloli goma sha biyu da suka fi yawan dawowa: mota kaza za ta tashi, a kula da kaya, a riƙe tikiti a hannu, da ire-irensu. Ta ce da su za a fara, sauran su biyo baya. Suka yi ta gogar su kamar tukunya. Yana yi a banɗaki, yana yi a kan hanya, har maƙwabta suka fara tambayar matarsa ko an kai shi asibiti. Kafin wata biyu jimlolin nan sun yi sumul, in ka rufe ido sai ka rantse mai karanta labarai ne.

Matsalar ita ce, da zarar ya taka waje da sha biyun nan, tsohon harshe sai ya dawo da kayansa. Malama ta ce wannan ba komai ba ne, haka kowa yake, ya ci gaba da sakin baki yana kuskure, a hankali sabon zai ci tsohon. Baba ya ce to. Amma Malama ba ta san cewa lasifika na saitin tagar manaja ba. Shi ya sani. Don haka ya yanke wa kansa hukunci: abin da bai goge ba, ba zai faɗa ba. Tunda kuma manaja ya ce Hausar da Turancin su riƙa tafiya daidai, sai ya datse Hausar ma ta koma sha biyu.

Wata safiya ya hango wani baƙo mai rawayar riga yana gyangyaɗi a benci, tikiti a hannu, motarsa ta kunna inji. Baba ya danna makirufo, ya laluba jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya. Babu rawayar riga a ciki. Sai ya faɗi ta bakwai, cewa mota mai lamba huɗu za ta tashi, ya faɗe ta da kyau irin wanda bai taɓa yi ba. Motar ta tashi. Baƙon ya ci gaba da barcinsa.

Da rana Dogo direba ya hau matakala ya leƙo.

"Tsoho, lafiya kuwa? Sati uku ba ka ci mini mutunci ba. Jiya sai da fasinja suka zo da kansu suka tashe ni."

"Ba ka cikin darasi, Dogo."

"Wane darasi? Kai dai an yi maka wani abu."

Ranar da wata uku ya cika, manaja da kansa ya hau ɗakin, karo na farko, tare da wani mai gyaran lantarki riƙe da na'ura.

"Baba, ka ba ni kunya, wallahi. Ban yi zaton za ka iya ba. Kullum iri ɗaya, ba ƙari ba ragi! Muna so mu naɗa, don tarihi."

Baba ya ce a ba shi minti biyu ya kurkure baki. Kowace jimla sau uku ya yi ta, don su zaɓi wadda ta fi. Da ya koma gida ya ce wa Auta ta gaya wa Malama an ci jarrabawa.

Ranar Litinin ya tarar da ɗakin a kulle. An jawo waya zuwa teburin mai sayar da tikiti, an kafa masa wani ɗan akwati mai maɓalli goma sha biyu. Baba na tsaye a tsakiyar tasha, jakar abincinsa a hannu, ya ji kansa daga sama yana roƙon jama'a su kula da kayansu.

"Ba korar ka aka yi ba, Baba," in ji manaja. "Bakin ƙofa za ka koma, duba tikiti. Ka huta da hawa matakala."

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi in ya gyaru kujerata ce."

"Taka ce mana. Yanzu za a sauko maka da ita."

Da Malama ta aiko tana tambayar yadda aka ƙare, Baba ya ce wa Auta, "Ki ce mata sun ce ba za su taɓa rabuwa da muryata ba." Malama ta yi murna ƙwarai, har ta roƙi izinin ta riƙa ba sauran ɗalibanta labarinsa.

Yanzu a bakin ƙofa yake, yana yaga tikiti. Kwanan baya wata dattijuwa mai tabarau, wadda ta daɗe tana bin tashar, ta miƙo nata daidai lokacin da lasifika ta ɗauka. Ta ɗaga kai tana saurare har aka gama.

"Kai, an huta! Ka ji Turanci kamar a bakinsa aka ƙera shi. Malam, ka tuna wani tsoho mai surutu da ke yi da?"

"Na tuna shi."

"Ina ya shiga ne?"

Baba ya yaga tikitin, ya miƙa mata rabinta.

"Ya tafi ƙaro ilimi, Yaya. Shige, akwai mutane a bayanki."