Tukuicin Cakulan a Bakin Mayafi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Dutse, na kamu da son cakulan. Ba so na hankali ba. Ana tsaka da darasi sai in ji ƙamshinsa ya gifta ta hancina, alhali ko kusa babu shi. In kama kaɗa ƙafa, ina tauna murfin biro har a tashi. Kawuna ne ya jawo mini, don duk zuwansa Kano sai ya riƙo mini.

Sai haƙorina na gaba ya fara tsami. Ko ruwan randa ya taɓa shi sai na dafe baki. Likita ya cike ramin, ya ce in ban rabu da zaƙi ba, dawowata ta gaba cire shi zai yi.

Kakata ta yi dariya har da tafi. "Ja'ira, bar shi ya faɗi mana! Sai a sa miki na Makka, a riƙa ce miki Hajiya, ko filin jirgi ba ki taɓa gani ba."

Ni dai ban yi dariya ba. Yarinyar da take tsayawa gaban madubi tana karanta wa kanta waƙoƙin da ta rubuta, ina za ta kai giɓi? Na daina cin cakulan. Amma zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in share tsakar gidan da na riga na share. Har hanyar makaranta na canza saboda wani kanti.

Ana haka gwaggona ta dawo daga aikin hajji. Aka kasa tsaraba: dabino, zamzam, carbi, da cakulan mai takardar zinare. Mahaifiyata ta ɗora mini faranti ta ce in zaga maƙwabtanmu na Yalwawa.

Gidan farko, wata dattijuwa ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta tsince cakulan ɗin ta miƙo mini.

"Ungo tukuicinki, 'yar nan."

"A'a Inna, ki bar shi, na gode."

"Kul! Ɗan aike ba ya komawa haka. Ni ina na ga haƙorin cin wannan?"

Wa ya isa ya mayar da hannun babba? Na durƙusa na karɓa, na ƙulle a bakin mayafina. Kusan kowane gida haka aka yi mini, kamar sun haɗa baki: dabinon nasu, cakulan nawa.

Da na gama, na kasa komawa gida. Ƙullin yana bugun gefena kamar wata zuciya ta biyu. Na bi wannan lungu na ɓulla wancan, rana tana dukan duwatsu, duwatsu suna ramawa a kaina. Na kai hannu zan kwance, harshena ya taɓa haƙorin, na janye. Na sake kaiwa, na sake janyewa.

Ina shiga gida mahaifiyata ta yi salati. "Me kika yi wa mayafin sallarki?"

Ashe duk cakulan ɗin ya narke. Na tsuguna bakin rariya ina kankarewa da farce, yatsuna sun yi dumu-dumu, ƙamshi ya cika mini kai, yawuna ya tsinke. Lasa ɗaya kawai, wa zai sani? Na daɗe ina kallon yatsun nan. Sai na tsoma su cikin ruwan sabulu.

Haƙorina yana nan, da shi nake muku murmushi. Kwaɗayin ma bai mutu ba, har yau in na shiga kanti idona yakan riga ni isa wurin. Abin da na gane a bakin rariyar nan shi ne, kwaɗayi kamar guguwar tsakar rana yake: ya taso, ya juya ka, ya watsa maka ƙasa a ido, amma ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ni ce dai ban taɓa jira na ga wucewarsa ba, sai ranar.