Jawabin Kawu Mai Agogo

Kawuna gyaran agogo yake yi, a kan wani ɗan teburi mai gilashi a bakin wani kantin magani. Shekarun baya an taɓa kama shi a madadin wani mai kama da shi, ya daɗe a tsare kafin wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta fito da shi. Tun daga nan ya samu sana'a ta biyu.

Duk shekara ƙungiyar takan ba da lambar yabo ga wanda ya fi kowa tsaya wa waɗanda aka zalunta. Lauya ya karɓa, 'yar jarida ta karɓa, har attajirin da ke ba su aron zauren taro ya karɓa. Gwarzo yakan canza, Kawu ba ya canzawa. Shi ke tsayawa a hagun gwarzon lokacin ɗaukar hoto, sanye da rigar da ya fito da ita daga kurkuku. Rigar ma ba a hannunsa take ba. Tana kabad ɗin ofishinsu cikin leda, kuma an hana wanke ta.

Abin da ke cin ran Kawu shi ne bai taɓa riƙe makirufo ba. Yana da jawabi da ya haddace, yana bitarsa yana kwance agogon mutane, har mu 'yan gidan muka haddace ba da sonmu ba. Kowace shekara sai a ce lokaci ya ƙure, babban baƙo zai kama jirgi. Bana dai sakatariyar ƙungiyar ta yi masa alkawari da bakinta: zai yi magana.

Ranar taro na raka shi tare da Gwaggo, matarsa. Muka shiga ta ƙofar baya kamar kullum, aka kawo rigar. Sai dai tun dawowarsa Gwaggo ta ɗauki alwashin mayar masa da duk naman da kurkuku ya cinye, kuma bana aikinta ya kammala. Kawu ya zura hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi. Ya ja numfashi ya matse ciki, maɓalli ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera.

Sakatariya ta dafe kai. "Baba, me ka yi wa kanka haka?"

"Lafiya ce ta samu, 'yata."

"Ai lafiyar ce matsalar. Masu ba mu tallafi suna layin gaba. Wa zai ga wannan kumatun ya yarda an zalunce ka?"

Gwaggo ta ce, "Ba ku kuka ce a kula da shi ba?"

"Mama, kula muka ce, ba kiwo ba."

Aka leƙa waje aka kira direban shugaban ƙungiya, wani siririn mutum mai fama da gyambon ciki, wanda ko ofishin 'yan sanda bai taɓa takawa ba. Rigar ta zauna masa kamar an gwada shi aka ɗinka. Aka wuce da shi dandamali, aka rufe ƙofa.

Kawu bai haƙura ba. Ya mayar da rigarsa ta gida, muka zagaya babbar ƙofa. Masu gadi biyu suka nemi katin gayyata. Kawu bai taɓa samun kati ba, tun da shi ta baya yake shiga.

"Yaro, ni ne wanda aka zalunta," in ji Kawu.

"Baba, duk wanda ba shi da kati haka yake cewa."

Da ya matsa zai kutsa, suka riƙe shi suka kai shi ɗakinsu, suka ce zai zauna har a tashi taron. Ni da Gwaggo muka bi shi ciki. Ba su faɗi laifinsa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya san tsarin. Ta lasifika muka ji ana ba da labarinsa tiryan-tiryan, aka ce wa direba ya ce wani abu. Ya ce, "Na gode." Zauren ya ɗauki tafi.

Kawu ya miƙe, ya ɗauki tocilan mai gadi ya kai bakinsa, ya gyara murya. Ya yi jawabinsa tun daga gaisuwa har ƙarshe, babu wanda ya ce masa lokaci ya ƙure. Inda ya manta, Gwaggo ta cika masa. Babban mai gadin har da share ido.

"Gaskiya Baba ka iya magana. Irinku ya kamata a riƙa sa wa a taron nan."

"To buɗe mini in shiga."

Mai gadin ya gyara zama a bakin ƙofa. "Sai an tashi, Baba."