Gilashin Walda da Hoton Hajiya

A shagon hoton mahaifina da ke unguwar Kilomita Biyar a Bangui akwai wata tsohuwar kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa, amma ba a taɓa cire ta ba. Hoton bakin teku ne a jikinta, duwatsu baƙaƙe a tsaye, ruwan da ke tsakaninsu kuwa fari fat, a kwance luf kamar kindirmo a ƙwarya. Ni da ban taɓa ganin teku ba, na girma ina zaton haka ruwansa yake.

Kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, ita ta rushe mini wannan zato. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara.

"Ƙarya ce, takwara," in ji ta. "Na ga teku a Jidda da idona. Ruwa ne mai hauka, ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kuwa ko fura aka dama."

Na tambayi Baba. Ya ce hoton gaskiya ne, Hajiya ma gaskiya ta faɗa. Idan aka bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci, duk abin da ke motsi sai ya narke ya zama kamar hayaƙi, abin da ya tsaya cik shi ne zai fito sarai. Matsalar ita ce rana, domin haskenta zai ƙone fim ɗin kafin a ƙifta ido. Don haka ake sa wani baƙin gilashi a gaban idon, hasken ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Shi ba shi da irin wannan gilashi, kuma bai san mai sayar da shi a Bangui ba.

Na kwana biyu maganar tana yi mini yawo a kai. Wata rana ina wucewa ta unguwar Kokoro na ga mai walda ya kare fuskarsa da wani baƙin gilashi yana kallon wutar da ni ban iya kallo ba. Na tsaya har ya gama, na roƙe shi wani tsohon ɓallin da ya jefar a gefe. Da na kai wa Baba ya ɗaga shi ya dubi rana ta ciki, ya daɗe yana dariya, ya ce ashe karatun lise, wato sakandare, bai tafi a banza ba.

A shekarar ce sojoji suka yi ta bore. Makaranta a rufe, wasu ranakun kasuwa ma ba ta ci. Fim ya daina zuwa. Ɗan abin da ya rage wa Baba yana ƙarewa ne a kan hotunan takardun tafiya, domin kullum sai ka ga iyali sun yi layi a shagon suna shirin barin gari. Ana cikin haka baffana da ke Garwa, can ƙetaren iyaka, ya aiko cewa a kawo masa Hajiya, tunda ƙarar bindiga tana hana ta cin abinci.

Hajiya ba ta da hoto. Wanda aka yi mata na fasfo lokacin aikin hajji ya ɓace tare da fasfon, kuma tun daga nan ba ta ƙara yarda ta zauna gaban kyamarar ɗanta ba. Na yi ta lallashi har ta ce, "To, saboda ke. Amma sai in za ki nuna mini yadda ake mayar da ruwa fura."

Baba ya ware mana gurbi ɗaya tak a fim ɗin da ke cikin kyamara. Shi yake kirana Uwata, saboda sunan. Ya ce, "Uwata, mu ɗauke ta a nan shago, ƙyas ɗaya an gama. Idan muka kai ta bakin ruwa ta motsa, shi ke nan, ba wani." Na san gaskiyarsa. Amma ina so in ga ruwan nan, kuma ina so in ga Hajiya a tsakiyarsa. Na nace har ya yarda.

Muka jira har aka samu wasu kwanaki da gari ya lafa. Da hantsi muka hau tasi zuwa bakin kogin Ubangi. Baba ya naɗe ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a cikin darduma, kada wani soja a shinge ya hango shi daga nesa ya zaci wani abu ne. Kyamarar kuma tana ƙasan kwandon Hajiya, an rufe ta da ganyen rogo. Ba wanda ya tsayar da mu.

Ruwa ya ja baya a lokacin, duwatsu sun fito, kogin yana karyewa a kansu da kumfa. Muka zaunar da Hajiya a kan wani faffaɗan dutse. Baba ya saita komai tukuna, sannan ya ɗaure gilashin waldan a bakin kyamara da robar tayar keke, ya lulluɓe gefensa da baƙin ƙyalle. Agogonsa ba shi da hannun daƙiƙa, don haka da carbi zai auna lokaci, istigfari talatin da uku.

"Hajiya, don Allah ko ƙuda ya sauka miki a hanci, ki ƙyale shi."

"Ni kake gaya wa zama? Wata tara na zauna da kai."

Ya danna, ya fara jan carbi. Na riƙe numfashina ina kallon ruwan, ina mamakin yadda duk wannan guje-gujen nasa yake taruwa a wuri ɗaya cikin duhun akwatin.

Bai kai rabi ba sai ga wani tsohon masunci ya ɓullo daga bayan duwatsu da taru a kafaɗa. Ya bi ta gabanmu, ya ga dattijuwa da lulluɓi.

"Salamu alaikum, Hajiya!"

Na ga kafaɗarta ta ɗan girgiza. Wallahi ta yi ƙoƙari, ta kai kamar istigfari biyu tana daurewa. Sai ta juya.

"Wa alaikumus salam, malam. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya ruwa?"

Baba ya zaro ido, bakinsa yana ci gaba da istigfari, ya kasa tsayawa ya kasa magana. Sai da ya kai talatin da uku ya saki, ya amsa sallamar shi ma, sannan ya ce, "Haba Hajiya!"

"Haba me? Mutum ya yi mini sallama in zauna kamar gunki? Ka ce mini ƙuda, ba ka ce mutum ba."

A hanyar dawowa na yi ta zargin kaina. Na san ni na jawo.

Sai bayan kwana uku aka kawo wuta Baba ya wanke fim ɗin. Ina tsaye kusa da shi a ɗakin duhu lokacin da hoton ya fara tasowa a cikin faranti. Ruwan ne ya fara ba ni mamaki, Ubanginmu ya kwanta fari, sumul, kamar na kalanda. Dutsen ya fito, zanen atamfar Hajiya ya fito har ana ƙirga furanninsa, hannayenta biyu a kan gwiwa da kowace jijiya. Fuskar ce babu. Wani farin gajimare ne a cikin lulluɓi, ya karkata hagu. Masuncin kuwa, da ya ratsa ta gaban kyamara da tarunsa, ko inuwarsa ba ta fito ba.

Na kai mata ina hawaye. Ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake matso da shi.

"Ikon Allah, ga fura kuwa. To ina mutumin?"

Na ce ya wuce da sauri, shi ya sa.

"Ni kuma ga ni ina amsa masa." Ta miƙo mini. "Share hawayenki, takwara. Fuskar ai tana wurinki, kowa ya ce kamarmu ɗaya."

Ranar Asabar aka sa ta a mota. Ba ta dawo Bangui ba, a Garwa Allah ya karɓi abinsa. Hoton yana jikin bangon ɗakina. Baƙi sukan tsaya su tambaye ni wane teku ne wannan, sai in ce musu Ubangi ne. Idan suka tambayi abin da ya sami fuskar, sai in ce sallama aka yi mata.