Da Filo Nawa Kike Kwana?

Ina cikin auna jinin wani dattijo a asibitinmu na Dutsin-Ma wayata ta yi ƙara. Aka ce Sista Halima ta faɗi tana alwalar azahar, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na ƙarasa awon sannan na zauna na yi kuka, don da na bar shi rabi, ita ce ta farko da za ta yi mini faɗa.

Ita ta raine ni a aikin jinya, a ɗakin masu ciwon zuciya. Mace ce mai faɗa, ba zan ɓoye ba don ta mutu, amma faɗanta ya tsayar da mutane da yawa da ƙafarsu. Takan ce mini, “Ke Zulai, baki yana ƙarya, ƙafa ba ta yi.” In aka kawo mai jego tana haki, Sista sai ta durƙusa ta danna yatsa a ƙaurinta. In wurin ya lotsa bai taso ba, sai ta ɗago ta yi tambayar da duk muka haddace: “Da filo nawa kike kwana?” Wadda zuciyarta ta fara gajiya ba ta iya kwanciya sosai, ruwa ne ke taruwa a huhunta, sai ta yi ta tara filo.

Babban yaƙinta da kunun kanwa ne da wankan jego na tafasasshen ruwa. Tsofaffi suna ce mata maƙiyiyar kanwa, ita kuwa ko a jikinta. “Kanwa 'yar'uwar gishiri ce,” in ji ta, “ruwa take riƙewa, zuciya ta ɗauki kayan da ba nata ba.” Ita ta matsa mini na nemi kwas ɗin jinyar zuciya, ta ce nas da ta daina tambaya ta fara kisa. Na samu, wata mai kamawa zan tafi, ba ta kuma gani ba.

'Yarta Rabi ta zo wankan gida a Kurfi, haihuwar fari, kuma Sista da kanta take kula da ita. Ranar sadakar bakwai da na koma gidan, abin da na fara gani shi ne tarin itace da ƙatuwar tukunya a bayan ɗaki. Kayan wankan jego ke nan. Goggon Rabi ta zo daga Wurma ta karɓi jegon.

Rabi tana jingine da bango, tana tari, tana amsa gaisuwa a gutsure. Mata suna cewa kuka ne ya cinye ta. Na durƙusa kamar zan yi wa jinjiri wasa, na danna ƙaurinta. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

“Rabi, da filo nawa kike kwana?”

“Ukku, Anti. Jiya ma zaune na kwana.”

Na ce wa Goggo a ba ni ita mu tafi asibiti yanzu. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Mi? Mai jego ta hita daga gidan makoki? Haka aka yi muna jego a gida, ga mu da ranmu. A bari a yi arba'in.”

Na ji tsoro, har yanzu kuma ina jinsa. Na nemi mahaifin Rabi a zaure na faɗa masa komai, ya ce zai yi shawara da yayarsa Goggo, in dawo da safe. Zan dawo da mota, kwas kuwa ya jira.

Allah ya jiƙan Sista Halima, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba maigidanta haƙuri, ya raya jikanta. Ita kuma Rabi, ya Allah, ka sa in same ta zaune a kan filonta gobe, ka sa su ba ni ita.