Kawu da Fararen Ɓerayensa

Jiya ina koya wa ɗalibai yadda ƙwayar cutar poliyoma, mai haddasa kumburi a wuyan ɓera, ke kwafar DNA ɗinta a jikinsa, da yadda yawan kwafin ke sauya aikin umarnin farko da ke rubuce cikin DNA ɗin, sai warin dusa ya dawo mini hanci. Na kasa ƙarasa darasin.

Kawuna ne ya raine ni a Makera, gab da samun 'yancin kai. Aikinsa kiwon fararen ɓeraye a wani ɗakin gwaji mai warin dusar da ake ba su, kuma bai taɓa ɗaukar ɗaya ba tare da ya ba shi haƙuri ba. Wata Asabar ya tafi da ni, ya ɗora mini wani a tafin hannu, wuyan ɓeran a kumbure, zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Ya ce, "Uwata, wani abu ne ya shige shi yake hayayyafa. Ni ban yi boko ba. Ki yi karatu, ki zo ki faɗa mini."

Damina biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke Kawu, ina aji huɗu.

Kawu, na samo amsar, amma ba ka nan. Allah Ya kai haske kabarinka.