Layar da ke jikin sensa

Har gobe ina tuna ranar da shugabana ya hana ni tafiya sayen sensa. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lantarki a wani ofishi a Bagudo, aikina duba batura da farantan sola. Shugaban sashenmu Malam Umaru ne, mutumin Geza, shi ke ja mana salla a ofis. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ba ya barin mako ya wuce bai yi mana nasiha a kan layu da guraye ba.

Ni kuma ina da wata jaraba, haɗa ƴan na'urori. Na ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da falanki, na sa masa hita da ɗan allon kwamfuta da bai fi tafin hannu ba. Ga wanda bai san aikin ba, abin mai sauƙi ne. Sensa ke jin zafin cikin akwati ta gaya wa allon, allon ya kunna hita in zafi ya yi ƙasa, ya kashe in ya kai digiri talatin da bakwai da rabi. Na ɓoye sensar a bayan wani ɗan katako don kada zafin hita ya riƙa dukanta kai tsaye. Abokan aiki suna ce wa akwatin kazar Bello, ni kuma mijin kaza.

Da damina annoba ta shiga Geza, ta share zabin mahaifiyar Malam Umaru, har da kajin da ake sa wa ƙwan zabi su kwanta. Fararen zabi ne da ta gada daga tata uwar, abin da ya rage sai ƙwai cikin ƴar ƙwarya. Malam Umaru ya kawo su ya ce in kazata ta kasa, irin ya ƙare ke nan. Na ji daɗin yardar da ya yi da ni, na jera ƙwan a akwatin.

Makon farko lafiya lau. A na biyu sai na lura hita tana daɗewa a kunne, in ta mutu kuma ta daɗe ba ta tashi ba. Na canja makunnin da allon ke sarrafawa, ba ta canja zane ba. Na jona allon da kwamfuta na bi umarnin da na rubuta layi-layi, ban ga kuskure ba. Sai na aro ma'aunin zafi na asibiti na zura ta ramin iska, don ba a son yawan buɗe akwati. Ma'aunin ya haura arba'in, allona kuwa yana nan yana rantsuwa bai kai talatin da bakwai ba. Zafi irin wannan in ya daɗe, dafa ƙwai yake yi.

Na rage wa hita ƙarfi, na je na sami Malam Umaru. Na ce sensa ta lalace, kuma babu irinta sai wurin wani mai gyaran rediyo a tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Na nemi izinin tafiya, na kuma gaya masa gaskiya cewa ban san abin da zan tarar ba in na dawo.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Da aka kira azahar ya ce wa mutane su yi gaba, ya ja ni wurin akwatin, ya rufe ƙofa.

"Bello, sensarka lahiya lau take," in ji shi. "Duba bayan katakon nan. Ni nas sa abu."

Na zura hannu na zaro laya, ɗinkin fata mai kauri, an cusa ta ta manne da sensa. Fatar ce ta hana ta jin zafi da wuri, shi ya sa hita ke wuce gona da iri.

"Inna tac ce in aje ta kusa ga ƙwai saboda baki," ya ce, bai ɗago kai ba. "Na san abin da ni ka hwaɗa muku. Amma ban iya ce mata a'a."

Ya nemi wurin da ido ba zai kai ba, sai ya dace da wurin da na ɓoye sensa. Da ya so, sai ya bar ni in tafi, ƙwai su lalace, a ce kazar Bello ce ta dafa su, kowa kuma zai yarda. Ya zaɓi ya ji kunya a gaban ƙaramin ma'aikacinsa. Wannan abu har yau ina gode masa.

Na maƙale layar a ƙarƙashin akwati daga waje, muka tafi salla. Kafin la'asar allo da ma'auni sun zama baki ɗaya. Ba duka ƙwan suka yi ba, amma fiye da rabi sun ƙyanƙyashe.

Abin da nake gaya wa masu tasowa a aikin nan shi ne, kafin ka zargi na'ura, tambayi abin da hannun mutum ya taɓa, kuma ka tambaya yadda mai amsa ba zai muzanta ba. Malam Umaru ya rasu, kuma shi ya ce in riƙa ba ku labarin bayansa.

A wancan lokacin, da muka kai wa tsohuwa ƴan zabinta a kwali, ta ƙirga su da yatsa, ta sa mini albarka, sannan ta dubi ɗanta ta ce ai ta gaya masa layar nan ba ta taɓa ba ta kunya ba. Malam Umaru ya dube ni, ni kuma na sunkuya ina gyara kwali.